Fim Yana Cikin Gida, Talabijin Bai Gan Shi Ba: Darasi Kan Sadarwar Cikin Gida

A wannan darasi za mu duba wata matsala da ta fara yawa a gidajen malamai, da ɗakunan karatu, da majami'u. An ajiye fim ko darussa a cikin kwamfuta, ana so a kalla a talabijin ko a waya ba tare da yawo da filashi ba, amma talabijin ya ce bai ga komai ba. Jama'a sun taru, yaran Makarantar Lahadi sun zauna, janareta yana ta shan mai. Abin da aka fi yi a nan shi ne a aiki yaro ya sayo data. Sau da yawa kuɗin nan asara ne, gama matsalar ba ta data ba ce.

Bari mu fara da wannan, domin shi ne tushen darasin duka. Sadarwar cikin gida daban, intanet daban. Intanet kamar babbar hanya ce wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega: wanda zai bi ta sai ya biya kuɗin mota, watau data ke nan. Sadarwar cikin gida kuwa ita ce 'yar hanyar da ke tsakanin ɗaki da rumbu. Ba wanda ke biyan kuɗin mota domin ya ɗebo gero a rumbunsa. Na'urar da ke haɗa kwamfuta da talabijin da waya, wadda ake kira rauta, ko ƙaramar nan ta aljihu mai suna MiFi, tana iya wannan aiki ko da babu ko sisi a layin da ke cikinta. Fim yana fita daga kwamfuta, ya bi ta rauta, ya shiga talabijin, bai taɓa barin gidan ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Muna tunawa da watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda sha'anin tsaro. Ko a ranakun lafiya ma, wanda ya saba bin hanyar Kebbe zuwa Kuchi ya san wuraren da sabis ke ɓacewa. Makarantar da ta tara littattafanta da darussanta a kwamfuta ɗaya, ta kuma san yadda za ta raba su a cikin gida, ba ruwanta da wannan duka. Akwai manhajar Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. Akwai Kolibri, wadda aka yi musamman domin makarantu marasa intanet. Ga kuma tambayoyin gwaji na JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Sai dai a lura, wasu na'urori, irin su Chromecast na kamfanin Google, an ƙera su ne da zaton akwai intanet kullum. Wanda zai yi wa makaranta ko ikkilisiya sayayya a yankinmu ya yi tambaya a kan wannan kafin ya biya.

To, idan talabijin ya ƙi ganin kwamfuta, daga ina za a fara? Daga abu mafi sauƙi. A duba ko rauta tana kunne, a kuma duba ko kwamfutar ba ta yi barci ba. Laftof da aka rufe murfinta, ko aka bar ta minti kaɗan ba a taɓa ba, takan daina amsa kira. A shiga wurin saitin wuta a hana ta barci muddin tana jone da caji. In an ɗauke wuta an dawo da ita, a kunna rauta tukuna, a ba ta kamar minti 2, sa'an nan kwamfuta, sa'an nan talabijin.

Mataki na biyu shi ne a tabbata na'urorin suna gida ɗaya. A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kai. Kowace na'ura da ta shiga sadarwa, rauta takan ba ta lamba, kamar yadda ake rubuta lamba a ƙofar gidaje. Ana kiran lambar adireshin IP. Kashi 4 ne da ɗigo a tsakani, misali 192.168.8.100. A yawancin gidaje, kashi 3 na farko su ne sunan unguwa, na ƙarshe kuwa lambar ƙofa. A kwamfuta mai Windows, a buɗe baƙin allon rubuta umarni a rubuta ipconfig, lambar za ta fito. A talabijin da waya tana cikin saitin waifai. A rubuta su a takarda a kwatanta. Idan kwamfuta tana 192.168.8.100, talabijin kuma 192.168.8.103, to, maƙwabta ne. Amma idan ɗaya tana 192.168.8, ɗayan yana 192.168.1, ba unguwa ɗaya suke ba. Wataƙila kwamfutar tana kan MiFi ta ofishin shugaban makaranta, talabijin kuwa ya kama waifai na wayar wani malami da ya taɓa jonuwa da shi. Idan kuma aka ga lamba mai farawa da 169.254, ma'anarta na'urar ta nemi adireshi ba ta samu ba, ta laƙaba wa kanta. Sai a duba wayar haɗi ko kalmar sirri, ko a sake kunna rauta.

Lambar ƙofar nan tana iya canjawa. Aro rauta take bayarwa, kuma in wuta ta ɗauke, wasu rautoci sukan manta wa suka ba wace lamba, su sake rabo bisa ga wanda ya riga zuwa. Shi ya sa abin da ya yi aiki ranar Asabar yakan ƙi ranar Lahadi, alhali ba wanda ya taɓa komai. Talabijin yana ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 100, kwamfuta kuwa ta koma 102. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, mutum zai iya shekara bai gamu da wannan ba. Mu kuwa, ko da sunan ya koma Kaduna Electric, har yanzu NEPA muke cewa, kuma mun san halinta. Maganin shi ne a shiga saitin rauta a keɓe wa kwamfutar lamba ɗaya ta dindindin. Aikin minti 5 ne.

Wayoyi suna da nasu wayon. Idan waya ta ga waifai ba shi da intanet, takan bar shi a ɓoye ta koma kan datar layinta, tana ganin taimako ta yi. A kashe datar wayar, in kuma ta tambaya ko ta zauna a kan waifai maras intanet, a ce mata i. Haka nan VPN. Mutane da yawa sun sa shi a waya lokacin da aka rufe Twitter a Nijeriya, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wasu kuma ba su cire ba har yau. VPN yakan kwashe saƙon waya ya kai shi wata ƙasa, har da wanda aka nufi ɗakin da ke kusa da shi. A kashe shi a sake gwadawa.

Yanzu a ce lambobi sun nuna unguwa ɗaya, amma har yanzu shiru. A nan sai mu tuna da zaure. Rautoci da yawa suna da waifai iri 2, na masu gida da na baƙi. Baƙon da aka sauke a zaure yana iya fita titi yadda ya ga dama, amma ba ya leƙa cikin gida. Na'urar da ke kan waifai na baƙi za ta sami intanet, har ta nuna YouTube lafiya lau, amma ba za ta taɓa ganin kwamfutar gidan ba. Wannan ne ke rikita mutane, su ce, ai ga shi yana aiki. Akwai kuma wani saiti a cikin rauta da ke hana na'urorin waifai magana da juna gaba ɗaya. An yi shi domin otal da wuraren taron jama'a. In yana kunne a kashe shi.

Ita ma kwamfuta tana da mai gadinta. Ranar da aka fara jona Windows da sabon waifai, takan ɗauke shi ko a matsayin na kasuwa, wanda take rubutawa Public, ko na gida, watau Private. In ta ɗauke shi na kasuwa, sai ta rufe ƙofofinta ta yi kamar ba ta nan. A mayar da shi na gida, a kunna raba fayil, a zaɓi foldar da ake so a raba. Muna jan kunne a nan: folda ɗaya, ba kwamfutar duka ba. A cikin kwamfutar da ke ɗauke da fim ɗin Yesu na Hausa, wataƙila akwai tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango, ko lissafin baikon ikkilisiya. Wanda ya buɗe komai ga kowa domin ya huta da wahala, ya buɗe wa duk ɗalibin da ya san kalmar sirrin waifai. A yi asusu na musamman mai kalmar sirri, a ba shi izinin karantawa kaɗai, ban da gogewa.

Akwai hanyoyi 2 da talabijin ke bi ya sami fayil. Ta farko ita ce DLNA, wadda ƙungiyar kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Sony ta fara a 2003. Ƙungiyar ta rushe a 2017, amma tsarin yana nan cikin talabijin masu yawa. Aikinsa kamar na mai shela ne: kwamfuta tana sanarwa cewa ga ta, tana da fina-finai, talabijin yana saurare. Wasu rautoci ba sa isar da shelar nan daga waya zuwa waifai, sai talabijin ya zauna bai ji ba, ko da yake hanya a buɗe take. In haka ta faru, a daina jiran shela, a tafi ƙofar kai tsaye. A manhajar VLC ko Kodi akwai wurin rubuta adireshin kwamfutar da hannu, da sunan asusu da kalmar sirri.

Hanya ta biyu ita ce SMB, yaren da Windows ke raba fayil da shi, kuma labarinsa ya isa a ji. Na farkonsa, SMB1, tun shekarun 1980 aka yi shi, lokacin da ba a damu da ɓarayin kwamfuta ba. SMB2 ya fito a 2006. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da ke jikin SMB1 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. A ƙarshen shekarar nan Microsoft ya fara fitar da Windows 10 wadda ba ta zuwa da SMB1 a kunne. Abin da ya biyo baya shi ne, tsofaffin akwatunan kallo da tsofaffin manhajoji waɗanda SMB1 kaɗai suka iya, sun zama kamar mai jin yare ɗaya a kasuwar da aka daina yin sa. Sukan ce kalmar sirri ba daidai ba ce, ko su nuna folda babu komai ciki. Mai gyara zai iya cewa a sake kunna SMB1, kuma gaskiya ne zai yi aiki nan take. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba, balle a kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai. Gara a sa sabon VLC ko Kodi a akwatin, gama sun iya sabon yaren, ko a koma DLNA. In duk sun ƙi, filashi bai mutu ba.

Saura matsala ta ƙarshe, wadda ba ta sadarwa ba ce sam. Sunan fim ya fito a talabijin, an danna, sai baƙin allo, ko hoto ba murya. Wannan albishir ne, domin hanya ta buɗe ke nan. Irin ɗaurin fayil ɗin ne talabijin bai iya kwancewa ba. Tsofaffin talabijin sun san H.264 na 2003, amma da yawa ba su san H.265 na 2013 ba, wanda masu tura fim ke so saboda ba ya cin wuri. A juya fayil ɗin zuwa MP4 mai H.264, VLC ma tana iyawa. Wanda ya koma filashi kuma ya tuna, filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4.

In kuwa fim yana yi yana tsayawa, a dubi nisa da bango. Waifai mai 5 GHz ya fi sauri amma ba ya jure bango, mai 2.4 GHz ya fi ratsawa. Katangar ƙasa mai kauri, da bulo, da kwanon rufi duk suna rage ƙarfinsa. A ɗaga rauta sama, a fitar da ita daga cikin kabad. Tsakanin ofis da majami'a, ba abin da ya kai wayar haɗi, wadda ke kai wa mita 100. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, MiFi da aka bari a bakin taga takan yi zafi ta kashe kanta; a nema mata inuwa, a kuma kakkaɓe mata ƙurar hunturu.

Ga aikin hutu ga 'yan aji 4 da aji 5. Kowa ya nemi waya 2, ko waya da kwamfuta, ya jona su a waifai ɗaya, ya kashe data, ya rubuta adireshin kowace. Sa'an nan ya kashe rautar ya kunna, ya sake dubawa ko lambobin sun canja. Waɗanda ke taimakawa da na'urori a majami'arsu su ƙara da wannan: su rubuta sunan waifai, da adireshin kwamfuta, da sunan foldar da aka raba, da jerin yadda ake kunna na'urorin, su manna takardar a bango kusa da talabijin, ban da kalmar sirri, wadda za a ba fasto ko magatakarda ya ajiye. A kawo sakamakon a makon farko na zango mai zuwa.