Haraji Tsakanin Hukuma Da Fatake A Zamanin Magabata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi yadda shugabannin Musulunci na farko suka daidaita da 'yan kasuwa a kan haraji, da kuma inda ake kashe abin da aka tara.

A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wanda ya yi mulki daga 634 zuwa 644, mutanen Manbij na ƙasar Sham suka rubuto suna neman izinin shiga ƙasar Musulmi da hajarsu, bisa sharaɗin su riƙa biyan ushira, watau kashi 10 cikin ɗari. Halifa bai yanke hukunci shi kaɗai ba, sai da ya shawarci sahabbai, sa'an nan ya amince. Aka kuma tsara cewa Musulmi zai biya kashi 2 da rabi, wanda shi ne zakkarsa, mai zaman amana kashi 5, baƙon da ya fito daga wata daula kuwa kashi 10, domin haka ake karɓa daga fataken Musulmi a can.

Duk da haka ƙa'idar ba ta hana duban maslaha ba. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Halifa Umar ya rage wa Nabaɗawa masu kawo alkama da man zaitun Madina, ya mayar da nasu kashi 5, domin abinci ya yawaita a birnin. Ashe rangwame ga ɗan kasuwa yakan zama alheri ga talaka.

Har wa yau ƙofar ƙara a buɗe take. Wani falke Kirista daga Banu Taglib ya kai kuka cewa mai karɓar ushira yana neman ya sake karɓa a kan dokin da aka riga aka biya wa. Halifa ya aika da umarni cewa ba a karɓa a kan dukiya ɗaya sai sau ɗaya a shekara.

Game da kashe kuɗi kuwa, Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid Kitabul Haraj. A ciki ya nuna cewa idan masu biyan haraji suka nemi a gyara tsofaffin magudanan ruwa, sai a aika amintacce ya bincika, in da amfani a yi aikin daga baitulmali. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙara da gargaɗin cewa haraji mai nauyi yana kashe zuciyar masu sana'a, har abin da hukuma ke samu ya ragu.

A ƙasar Hausa ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki jangali da kuɗin gari a cikin Kitabul Farƙ, domin ba su da tushe a shari'a.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta saurari mai biya kafin ta ɗora masa, ta bayyana masa ƙa'ida, ta kuma nuna masa aikin da kuɗinsa ya yi. Shi kuma attajiri haramun ne ya ɓoye dukiya ko ya sayi ma'aikaci da toshiyar baki, domin abin da ya danne hakkin marayu ne da marasa lafiya. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya sa albarka a kasuwanni, amin.