Kada A Kwana Da Sanƙarau A Gida

'Ya'yana da jikokina na ƙasar Gumel, ga maganar da nake so ku riƙe tun kafin bazara ta kankama. Idan yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, yana kukan kansa zai tsage, yana amai, wuyansa ya sanƙare har ba ya iya sunkuyar da haɓarsa zuwa ƙirji, to kada a ce a bari sai gari ya waye. A nemi mota ko babur a lokacin nan, ko da tsakar dare ne.

Sanƙarau ba baƙuwar cuta ba ce a wurinmu. Daga ƙarshen 2022 zuwa Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a Nijeriya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a Jigawa suke. Maigatari da Sule Tankarkar su suka fi jin jiki, Gumel da Gagarawa ma ba su tsira ba. A daidai lokacin, 'yan uwanmu na Damagaram suna fama da tasu annobar. Wanda ya san yadda kasuwar Maigatari take cika ranar Alhamis, da fatake da makiyaya daga kowane ɓangare na iyaka, ba zai yi mamaki ba.

Ƙwayar cutar a maƙogwaro take zama. Mutum yana iya ɗauke da ita lafiyarsa lau, ya yi tari ko atishawa ya ba wani. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska suna raunata hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga rufin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa take tashi daga Disamba, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu, ta lafa idan ruwa ya sauka. Shi ya sa kuma ta fi kama inda ake kwana a cunkushe: zauren almajirai, ɗakin kwanan ɗalibai, ɗakin da uwa da 'ya'ya shida suke rufe ƙofa da taga. Malamai na allo, ku raba yaran nan, ku bar su su sha iska.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin da muke yi, kuma na san ba rashin ƙauna ke kawo shi ba. Yaro ya fara sambatu, ko ya shiga jijjiga, sai hankalin uwa ya tafi ga iska. A kira mai tofi, a kawo rubutu, a turara ɗaki, a aika kemis a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro. Kafin a farga, yini ya wuce. Sanƙarau kuwa yana iya kashewa cikin awa 24, kuma idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa tashi. Cikin waɗanda suka tashi ma, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. Ban ce a bar addu'a ba, wa ya isa? A yi ta a kan hanyar asibiti. Allurar da take kashe ƙwayar tana can, kuma tana aiki sosai idan an zo da wuri. In likita ya ce zai ɗebi ruwa ta ƙashin baya don a gane irin ƙwayar, ku yarda masa.

Jariri ba ya cewa wuyana. Ku duba maɗigarsa: in ta kumbura, ya ƙi nono, yana kuka mai ƙara ko ya yi laƙwas, a tafi.

Akwai labari mai daɗi. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai suna Men5CV, wadda take kare mutum daga iri biyar na ƙwayar a allura guda. Tsohuwar, MenAfriVac, iri ɗaya kawai take tarewa, wato A, alhali wanda ya addabe mu a 2023 irin C ne. Na san wasu har yau suna tuna abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Ciwon da ke zuciyarsu na gaskiya ne, ba na raina shi. Amma wancan gwajin magani ne a kan marasa lafiya. Wannan rigakafi ne da aka shafe shekaru ana bincikensa, har da gwaji a Mali da Gambiya, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023.

Don haka, maigida, idan masu allura suka yi sallama, kada ka ce ba ka nan. Fito da yaran, har da samari da 'yan mata, domin har mai shekara 29 ake yi wa. Ke kuma uwar gida, in mijinki yana kasuwa yaro ya sanƙare, ki kira maƙwabci ya kai ku. Ku magidanta ku ba matanku wannan izini tun yau.