Yadda ake saka sabuwar kwanbata a giyar tsohuwar Hilux

Motocin a-kori-kura da ke ɗebo shinkafa daga gonakin Bakolori a Bakura da Maradun zuwa kasuwar Talata Mafara suna shan lodi. Masu giyar atomatik, kwanbata na iya gajiya. Ita ce ke amfani da man giya ta miƙa ƙarfin inji ga giyabos, a madadin kulochi.

Kafin a kwance komai, a fara da waya. Idan motar tana da soket ɗin OBD2, a jona na'urar ELM327 a buɗe manhajar Torque. Lambar P0741 tana nuna matsala a kulochin cikin kwanbata, amma wani lokacin solenoid ne kawai ya lalace. A kuma ɗauki hoton lambar giyabos, misali A340E, domin kamannin ido ba ya nufin za ta shiga.

Wajen sakawa ne ake asara. A wanke bututun sanyaya mai, a zuba wa kwanbatar man ATF kamar lita 1, sannan a riƙa tura ta cikin giyabos ana juyawa. Za a ji ta faɗa sau biyu ko uku, na ƙarshen shi ne shigarta famfon mai. Idan giyabos ya ƙi haɗuwa da inji, kada bakanike ya ja shi da kusoshi. Kwanbatar ce ba ta zauna ba, kuma famfon zai iya fashewa. In an haɗa daidai, za ta juya da hannu kafin a ɗaure ta.