Takardar Wakilci: Aikin Da Wasiyya Ba Ta Yi

Yawancin 'yan kasuwar Abuja wajen cinikin fili kawai suka san takardar ikon wakilci, alhali tun 1993 Kotun Ƙoli ta bayyana, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar ba ta mallaka wa kowa fili. Amfaninta yakan fito ne ranar da ciwo ya kwantar da mai dukiya: banki ba zai karɓi sa hannun ɗansa ba, wasiyya kuwa sai bayan rai. A rubuta ta gaban lauya tun ana da lafiya, a ambaci mai biyan ma'aikata da kuɗin asibiti, da wanda likita zai tuntuɓa. Sai dai galibi takan faɗi da rasuwar mai ita ko gushewar hankalinsa.