Yadda A Ke Karanta Hatiman Wasiƙun Mayaƙan Ruwa Da Ba Su Isa Ba

A Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, an aika wa mayaƙan ruwa na Ingila wasiƙu masu ɗimbin yawa, waɗansu kuwa ba su sadu da masu su ba, sai aka komo da su. Irin wannan ambulan ko ba a buɗe shi ba yana ba da labari, gama kowane hannu da ya bi ta cikinsa ya bar masa alama. Ga yadda a ke karanta su.

Da fari, a san inda wasiƙar ta nufa. Wadda ta fito daga gida ana rubuta mata sunan mutum, da muƙaminsa, da lambarsa, da sunan jirginsa, sa'an nan a ce ta hannun babban gidan waya na London. Ba a faɗin tashar da jirgi ya ke, domin kada abokan gaba su sani. A duba harafin da ke gaban lambar mutumin: P na nufin Portsmouth, D Devonport, C kuwa Chatham. Waɗannan su ne manyan tashoshi uku da a ke ajiye lissafin mayaƙan.

Wadda ta fito daga jirgi kuwa ana gane ta da hatimin mai binciken wasiƙu. Siffarsa kamar ƙofar zaure ce mai baka a sama, da rubutu "From H.M. Ship", watau daga jirgin Sarki, da shaidar cewa an duba ta. A ƙarƙashi akwai fili inda hafsan da ya karanta ya kan sa hannu da kwanan wata. Da gangan ba a sa sunan jirgi a hatimin ba. In ta sauka Ingila sai gidan waya ya buga mata "Received from H.M. Ships". Daga 1943 aka sake kalmomin suka zama "Maritime Mail". Sabo da haka ko kwanan wata ya goge, wannan bambanci ya isa ya nuna ko wasiƙar ta farkon yaƙi ce ko ta ƙarshensa.

Na biyu, a bi alamun bisa ga yadda aka sa su. Hatimin da ya kashe kan sarki shi ne na fari, yana nuna gari da ranar da aka jefa wasiƙar. Bayansa sai rubutun hannu na alƙalami ko fensir. In an soke sunan jirgi an rubuta wani, to, an yi wa mutumin canji ne, wasiƙa tana bin sawunsa. A nan masu koyo su kan ruɗe, domin mayaƙan ruwan Ingila su kan ba barikokinsu na tudu sunan jirgi. A lokacin yaƙin, Victory bariki ne a Portsmouth, Drake a Devonport, Pembroke a Chatham. Wanda ya ga ɗaya daga cikin sunayen nan kada ya ce mutumin yana teku. In alamu biyu suka haɗu, a lura da tawadar da ta hau kan 'yar'uwarta, ita ce ta baya. A juya bayan ambulan kuma, can a kan sami hatimin kwanan wata da adireshin mai aikowa.

Na uku, dalilin komowa. Wannan shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Hukumar mayaƙan ruwa ta kan sa a buga hatimi ko a manna 'yar takarda mai cewa a mayar wa mai aikowa, wani lokaci tare da kalmomin juyayi. Amma kalmomin ba ɗaya ba ne. Akwai "an kashe shi", akwai "ya ɓace, ana zaton an kashe shi", akwai kuma "ya ɓace" kurum. Da Jamusawa suka nutsar da Hood ran 24 ga Mayu 1941, mutum 3 kaɗai suka tsira daga cikin 1,418, sabo da haka wasiƙar da ta komo daga Hood kusan kullum labarin rasuwa ce. Amma da Japanawa suka nutsar da Exeter ran 1 ga Maris 1942, yawancin mutanensa kama su aka yi, da yawa kuwa sun komo gida bayan yaƙi. Wanda ya karanta "ya ɓace" ya rubuta "ya mutu" ya yi wa tarihi ƙarya, ya kuma yi wa zuriyar mutumin.

Tazarar da ke tsakanin ranar aikawa da ranar komowa ita ma abin lura ce. An nutsar da Barham a Bahar Rum ran 25 ga Nuwamba 1941, mutum 862 suka halaka, amma hukuma ta ɓoye labarin, ba ta sanar wa jama'a ba sai ran 27 ga Janairu 1942, domin ta ga alamar Jamus ba ta tabbatar da abin da ya auku ba. Jinkiri irin wannan ba lalle sakacin gidan waya ba ne.

Sauran ƙasashe kuma suna da nasu. Wasiƙun Amurka su kan bi ta ofishin wasiƙun jiragen yaƙi na New York ko na San Francisco, alamar mayarwa kuwa sau da yawa hoton hannu ne mai nuni da yatsa. Jamusawa ba su rubuta sunan jirgi, sai harafin M da lamba mai alƙaluma 5, in za a mayar a rubuta "Zurück".

Daga ƙarshe, in irin wannan ambulan ya shigo hannunku, kada ku kankare kome, kada ku ɓamɓare takardar da aka manna. Ku kwafe kowace alama a littafi, da launin tawadarta da wurin da ta ke, tukuna ku yanke magana. Ku tuna kuma akwai wanda ya rubuta wasiƙar nan ya zauna yana jiran amsa.

Aiki: ambulan yana ɗauke da lamba mai harafin D, an soke sunan jirgi an rubuta Drake. Ina mutumin ya ke sa'ad da aka juya wasiƙar, a teku ko a tudu? Ku kawo dalili.