Yadda Na Kusa Zubar da Wasiƙar Yayana a Kwandon Shara

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi a hutun da ya wuce, ko ya amfani masu akwatin imel a cikinmu.

Yayana ya nemi shiga wata jami'a, kullum yana duba waya ko amsa ta iso. Amma tallace-tallace sun cika masa akwati har ya gaji da sharewa. Ni kuwa da yake mun ɗan taɓa kwamfuta a makaranta, sai na ce, "Yaya, bar ni da su." Muka tafi wani shagon kwamfuta a nan Rogo Sabon Gari, don kuwa ba a kafa ƙa'idar rarraba wasiƙu ta manhajar Gmail da ke cikin waya, sai ta shafinsa na intanet.

Ita wannan ƙa'ida aikinta irin na ma'aikacin gidan waya ne, mai jefa kowace wasiƙa cikin akwatinta. Sassa biyu gare ta, watau sharaɗi da hukunci. Sharaɗi shi ne abin da za ta duba, kamar adireshin mai aikowa ko wata kalma. Hukunci kuwa shi ne inda za ta kai wasiƙar. Sai dai ma'aikaci yana da hankali, ita kuwa haruffa kaɗai ta sani.

Na lura yawancin tallan suna ɗauke da kalmar Turanci "offer", watau tayi. Sai na kafa ƙa'ida cewa duk wasiƙar da ke da ita a jefa ta kwandon shara. Ashe da wannan kalma ake sanar da ɗalibi an ba shi gurbin karatu!

Mako uku shiru. Abokansa sun sami tasu, har Baba ya fara cewa ya haƙura ya kama noman rani. Ran nan wani abokinsa ya nuna mana tasa wasiƙar, ina ganin kanta sai gabana ya faɗi.

Muka koma shagon. Da farko na nemi sunan jami'ar, ban ga kome ba, domin bincike na yau da kullum ba ya leƙa kwandon shara da jakar wasiƙun banza. Sai an rubuta in:anywhere tare da kalmar da ake nema sa'an nan zai duba ko'ina. Ina rubutawa sai ga ta, kwananta 23 a kwando. Gmail kuwa yana share abin da ya cika kwana 30 a can. Saura mako guda ke nan.

Wajen gyara na so in sake yin wani kuskuren. Na ce bari in ƙara ƙa'ida ta biyu mai sa wa wasiƙun jami'ar tauraro, in bar ta farkon. Wannan ba magani ba ne, gama Gmail yana zartar da duk ƙa'idar da ta dace da wasiƙa, sai ta sami tauraronta kuma ta tafi kwando. A Outlook ne ake bin ƙa'idodi daga sama zuwa ƙasa, har ana iya cewa in wannan ta yi aiki a dakatar da sauran.

Saboda haka na soke tsohuwar ɗungum. Sabuwar da na kafa adireshin masu tallan take dubawa, kuma ba ta sharewa, wata jaka take kai su mai suna "Talla". A lura, sabuwar ƙa'ida ba ta taɓa tsofaffin wasiƙu sai an danna ɗan akwatin da ya ce a haɗa da su. Daga nan na aika wa Yaya wasiƙar gwaji mai ɗauke da kalmar nan, muka ga ta sauka a babban akwati lafiya.

Muka buga wasiƙar jami'ar a takarda muka kai wa Baba. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce gobe da asuba ni zan bi shi fadama a madadin Yaya.