Koya wa yara zane da fensir

Yara da yawa suna daina zane tun suna aji uku ko huɗu. Dalilin sau da yawa shi ne wani ya dubi takardarsu ya yi dariya, ko ya ce, "Kai ba ka da hannun zane." Wannan kuskure ne. Zane abu ne da ake koyo kamar rubutu da ƙidaya. Yaron da ya iya zana abin da ya gani zai ji daɗin darasin kimiyya, kuma in ya zama tela, kafinta ko magini, zai iya nuna wa mai aiki siffar kayan a takarda kafin a yanka yadi ko katako.

Kayan aiki ba su da yawa: fensir, takarda da abin gogewa. A ajiye rula a gefe, domin hannu da ido muke so mu horar. Ku duba jikin fensir, za ku ga harufa. H yana nufin mai tauri, layinsa siriri ne, ba baƙi sosai. B mai taushi ne, yana baƙi ƙirin. HB, wanda aka fi sayarwa a kasuwa, yana tsakiya, kuma ya isa duk wannan darasi. Abin da ke cikin fensir ba darma ba ne. Garin wani baƙin dutse ne mai suna girafait da aka cakuɗa da yumɓu aka gasa, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Konte ya fito da ita a 1795. In yumɓun ya yi yawa, fensirin ya yi tauri. Idan da reza za a fiƙe, babba ya yi wa ƙananan yara.

Farkon abin gyara shi ne riƙo. Yara sun saba damƙe fensir kusa da baki suna dannawa, kamar yadda suke rubutu. A zane, a riƙe shi sako-sako wajen tsakiya, a motsa hannu daga gwiwar hannu, ba yatsu kaɗai ba. Ku sa su ja dogayen layuka da da'irori manya manya na minti biyar kafin a fara. Inda takarda ta yi tsada, a yi wannan a ƙasa da tsinke, ko a allo da gawayi.

Daga nan a kawo tulu a ajiye a tsakiya. Kada kowa ya fara tukuna. Ku tambaye su: Wace siffa kuke gani a cikin tulun nan? Cikinsa da'ira ne, wuyansa gajeren bututu. Haka bukka: gwangwani ne da aka kife masa mazurari. Su zana waɗannan manyan siffofi da layi mara nauyi, wanda da ƙyar ake gani. In layi bai yi daidai ba, a ja wani kusa da shi, kada a goge. Yawan gogewa yana cinye takarda, yana kuma sa yaro tsoro. Sai a ƙarshe za a bi layin da ya yi daidai a ƙara masa baƙi.

A bakin tulu ne yawancin yara suke tuntuɓe. Sun san bakin da'ira ne, sai su zana cikakkiyar da'ira. Amma wanda ke zaune a gefe ba da'ira yake gani ba, yana ganin siffa mai kamar ƙwai da aka kwantar. Ku ɗauki faifai ku nuna musu fuskarsa, sa'an nan ku kwantar da shi a hankali. Za su ga da'irar tana matsewa har ta zama layi ɗaya. Yana da kyau a maimaita wannan sau da yawa, gama a nan ne yaro yake fara zana abin da idonsa ya gani maimakon abin da ya sani a ka.

Awo ma da fensir ake yi. Yaro ya miƙe hannu sosai, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita bakin fensir da saman wuyan tulu, ya sa babban yatsa inda wuyan ya ƙare. Sai ya ƙirga sau nawa wannan tsawo ya shiga cikin tulun. In sau huɗu ne, haka zai zama a takarda. Amma in ya lanƙwasa hannu, awon ya ɓaci.

Inuwa ita ce ta ƙarshe. Ku tambaye su ta ina haske yake shigowa. Gefen da ke nesa da taga shi ne mai duhu. Su cika shi da gajerun layuka kusa da juna, su ƙara wasu a gicciye inda duhun ya fi yawa, su bar wurin da haske ya bugi tulun fari. Kada a manta da inuwar da ke ƙasa, in ba haka ba tulun zai zama kamar yana lilo a iska.

Kowane yaro ya rubuta kwanan wata a bayan zanensa ya ajiye. Mako mai zuwa kowa ya zo da abu ɗaya daga gida: ƙwarya, ludayi, fartanya ko ganyen mangwaro. Bayan wata uku a sake ajiye tulun nan, a zana shi, a gwada da na farko.